Kotun Nan ko ta Can

Duk wanda ya taɓa sa ƙofa a unguwar ya san Tsaya-in-Auna. Yana da sunan yanka mana, amma ya daɗe da ɓacewa a ƙarƙashin garin katako. Laƙabin kuwa shi ya jawo wa kansa, don ba a taɓa tambayarsa abu ya amsa kai tsaye ba. Ka ce, "Baba, wannan katakon zai yi benci?" sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya ce, "Tsaya in auna." Ka ce, "Yau za a yi ruwa kuwa?" ya ɗaga kai ya ƙare wa sama kallo, ya ce, "Tsaya in auna." An ce ko ranar da aka tambaye shi ko yana son matar da ya aura, haka ya faɗa. Amma wannan daga bakin Mai Gilashi ya fito, maƙwabcinsa na shago, shi kuwa Mai Gilashi in ya ba ka labari sai ka sa rariya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a layin masu sana'a, tsakanin Mai Gilashi da wani mai walda da ya kurumtar da rabin layin. Dogon tebur ɗaya, zarto uku a rataye, gwangwanayen ƙusa a jere, kowanne da irin tasa. Shekara arba'in da ɗoriya yana nan, kuma duk tsawon shekarun ƙa'ida ɗaya ya riƙe: ƙofa ba ta zuwa wurin kafinta, kafinta ke zuwa wurin ƙofa. In ya sa maka ƙofa, bayan shekara goma ta kumbura ko ta sunkuya, aike kawai za ka yi. Zai saɓi jakar kayan aikinsa ya tako har gidanka, ko da ka ƙaura bayan gari, ya gyara, ya sha ruwa, ya kama hanya. Yakan ce, "Wanda ya yi aiki shi ke bin sawun aikinsa. Ba a ce wa mai gida ya ciro ƙofarsa ya ɗauko a ka."

Ƙofa ɗaya ce a duniya ba ta ci moriyar wannan ƙa'ida ba, ita ce ta ɗakinsu shi da matarsa. Tun satin da suka tare take kuka. In an buɗe ta ja wani dogon kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta, in an rufe ta yi ajiyar zuciya. Ɗigon mai biyu a hinji ya ishe ta. Kullum gobe. Duk shekara Mai Gilashi sai ya zaro 'yar kwalbar mai daga aljihu ya miƙa masa, ya ce, "Ga gudunmawata, a kai wa maras lafiya." Shi kuwa ya ce, "Ajiye abarka, ina sane."

Matar, Alƙaliya yake ce mata. Gajeriya ce mai saurin magana, kuma duk gardamar gidan, har da ta gidajen da ke kewaye, a gabanta ake yanke ta, babu ɗaukaka ƙara. Shi yana aunawa, ita tana yankewa, haka suka zauna.

Sau ɗaya tak suka taɓa rabuwa. Shekara talatin da biyar da suka wuce, aka ɗauke shi aikin ƙofofi da tagogin wata makaranta a gari mai nisa, ya yi wata tara. Lokacin babu wayar hannu, ita kuma ba ta iya rubutu ba, ba kuma za ta yarda wani ya rubuta mata faɗanta ya rage masa gishiri ba. Sai ta ari rikodar maƙwabciya, ta sayi kaset, ta zauna a bakin gado ta zazzage masa abin da ke ranta, ta ba wani direba ya kai masa.

Minti talatin ne, kuma ashirin da bakwai daga ciki faɗa ne. "To, Malam mai awo, ina fata kana ci kana ƙoshi, tunda mu ka bar mu da iska." Rufin kicin yana yoyo. Babban yaro ya fasa fitila. Auta, wadda a lokacin watanta biyar, tana ta tsala ihu a gefe, uwar tana cewa, "Yi shiru, da ubanki nake." Can a tsakiya aka buɗe ƙofa, ta ja kukan nan nata, Alƙaliya ta ce, "Ka ji ta? Ƙofarka ce ke gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, goben taka ta wace shekara ce?"

Sauran minti ukun kuwa ba ta san an ɗauka ba. Ta zaci ta kashe rikodar. Ana jin motsin tabarma, sannan muryarta ƙasa ƙasa tana ce wa maƙwabciyar, "Ke dai Allah ya dawo min da shi lafiya. Gidan ya yi min faɗi. Amma kada ki kuskura ki gaya masa, kansa zai kumbura."

Bai taɓa gaya mata ya ji ba. Amma tun da ya dawo bai sake karɓar aikin da zai sa ya kwana a wani gari ba, kome tsokarsa.

Shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari, Alƙaliya ta kwanta kwana shida, ta cika. Yara sun watsu garuruwa, Auta kaɗai ke kusa, tana aikin jinya a wani asibiti, tana leƙo shi da safe kafin ta wuce. Ita ta fara lura cewa kullum, bayan ya sha shayi, yakan sa kaset ɗin ya ji faɗan nan daga farko har ƙarshe, sannan ya ɗauki hula ya tafi shago da fuska a sake, kamar wanda aka yi wa addu'a. Ita ce kuma ta lura muryar ta fara ja, tana kauri, kamar mai jin barci.

"Baba, kaset ɗin nan tsufa yake yi. Wata rana rikodar za ta taune shi."

"Ta taune shi ta gani."

"Akwai wasu mutane sun kafa tebur a bakin kasuwa. Suna karɓar tsofaffin kaset da hotuna, su aika babban ofishinsu a wata jiha, a wanke muryar a zuba maka a waya. Su dawo maka da kaset ɗinka. Sati uku."

Sati biyu ya yi yana aunawa. Ranar da ya je, ya tarar da wani saurayi mai fara'a a ƙarƙashin babbar lema, da sunan kamfanin a ƙirjin rigarsa. Tsaya-in-Auna ya girgiza teburin, ya ji ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, ransa bai so ba. Amma saurayin ya yi ta ce masa Baba, ya manna wata 'yar takarda mai lamba a jikin kaset ɗin, ya sa shi a leda, ya ba shi rasit. Tsoho ya ninke rasit ɗin gida huɗu ya sa a aljihun gaba. Ya dawo gida hannu sake, ɗakin ya yi masa shiru.

Sati uku ya zama wata biyu. Ya koma bakin kasuwa, ba lema ba tebur, sai mai sayar da guga a wurin. Auta ta yi ta kiran lambar da ke kan rasit ɗin, wata murya tana ce mata ta danna ɗaya, ta danna biyu, ta yi haƙuri. A wata na huɗu aka samu mutum mai rai ya ɗauka. Ya ce ruwan sama ya shiga ɗakin ajiyarsu, takardun lamba sun ɓaɓɓalle daga jikin kaya, ɗaruruwan kaset sun cakuɗe, ba a san na wane ba. Amma kada Baba ya damu, za a mayar masa da abin da ya biya.

Tsaya-in-Auna ya karɓi wayar daga hannun 'yarsa. Bai saba da ita ba, sai ya riƙe ta nesa da kunne yana ɗaga murya. "Yaro, ba kuɗi na ba ku ajiya ba. Matata na ba ku."

Aka kashe wayar.

Auta ce ta kai shi wurin Lauya, ƙawarta tun makarantar firamare, wadda ta girma tana cin faɗan Alƙaliya tare da 'ya'yan gidan. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon magani, da fanka mai juya kai kamar tana ƙin yarda da duk abin da ake faɗa. Mai Gilashi ya biyo su, ba wanda ya gayyace shi. Ya ce shi shaida ne, aka ce shaidar me, ya ce za a gani a gaba.

Lauya ta karanta rasit ɗin ciki da bai, ta cire tabarau.

"Baba, ƙara za mu iya shigarwa. Abin da za mu fara yankewa shi ne a ina. Hanya biyu ce. Ko mu shigar a kotun nan, tunda a nan suka kafa tebur, a nan suka karɓi kayanka. Ko mu shigar a kotun can, jiharsu, inda ofishinsu yake, inda ɗakin ajiyar yake."

"Ai wannan ba abin tambaya ba ne, 'yata. Nan."

"Tsaya ka ji, Baba. Yau ni ce zan ce maka tsaya." Ta juya rasit ɗin ta nuna masa wani rubutu ƙanana kamar kiyashi. "Sun rubuta a nan cewa duk wanda ke da ƙorafi, kotun jiharsu zai je. Ba lallai wannan rubutun ya ɗaure mu ba, ina ganin in muka ja za mu iya cin nasara. Amma jan zai ɗauki lokaci. Lauyansu zai zo ya ce kotun nan ba ta da hurumin sauraron maganar, sai alƙali ya gama da wannan tukuna kafin a ko ambaci kaset. Wata shida, wata goma, Allah masani. A can kuwa ba su da bakin cewa haka. Cikin 'yan makonni za mu iya roƙon alƙali ya hana su taɓa kome a ɗakin, ya bar ka ka shiga da rikodarka ka nemi abinka da kunnenka."

"Can ɗin tafiyar nawa ce?"

"Yini guda da rabi a mota. Za ka je kamar sau uku, kowane zuwa ka kwana biyu."

Mai Gilashi ya kwashe da dariya. "Wannan? Wannan da in ya je ɗaurin aure ƙetaren titi sai ya yi sallama da zartonsa?"

Auta ta ce, "Ni zan raka ka, Baba. Zan ɗauki hutu."

Tsoho ya zaro fensir daga bayan kunne, ya juya shi a hannu, ya mayar. Kowa yana jiran ya ce tsaya in auna. Bai ce ba.

"Su suka yi aikin ko ni?"

"Su ne, Baba."

"Aikin ya ɓaci ko bai ɓaci ba?"

"Ya ɓaci."

"To wa zai taka ya zo? Shekara arba'in ban taɓa ce wa mutum ya ɗauko ƙofarsa ya same ni ba. Su da suka san hanyar garin nan ranar karɓa, su san ta ranar amsa tambaya. Su zo nan, inda aka san Alƙaliya, su tsaya a gaban mutanen da ta raba wa faɗa, su faɗi inda suka kai ta."

Lauya ta ce, "Baba, gaskiyarka ce, wallahi gaskiyarka ce. Amma ni ba gaskiyar nake tsoro ba, lokacin nake tsoro."

"Shigar a nan."

A hanyar gida Auta ta yi ta roƙonsa. Sai da suka iso ƙofar gida ya ce mata, ba tare da ya dube ta ba, "Sau ɗaya na yi nisa, kin ji abin da uwarki ta ce. Gidan ya yi mata faɗi. Ba zan sake barin ɗakin nan ya kwana ba kowa ba."

Aka shigar da ƙara a kotun nan. Aka aika sammaci, ya yi wata guda da rabi a hanya, kamar shi ma a ƙafa ya tafi. Ranar zaman farko Tsaya-in-Auna ya sa rigarsa mafi kyau, rabin layin masu sana'a suka rufe shago suka bi shi, har mai walda, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya yi ta gyaɗa kai. Kamfanin bai zo ba. Lauyansu ne ya zo, dogo mai sulɓi, ya miƙe ya faɗi daidai abin da Lauya ta ce zai faɗa: wannan kotu ba ta da hurumi. Aka ɗage zama.

Mai Gilashi ya tambaya a waje, "Wai mene ne hurumin nan? A ina ake sayar da shi? Mu yi karo-karo mu saya wa kotun mana."

Zama na biyu alƙali ya tafi taro. Na uku lauyan kamfanin ya aiko cewa motarsa ta lalace. Na huɗu aka yi musayar takardu masu kauri, aka sake ɗagewa. 'Yan rakiya suka yi ta raguwa, har ya rage daga Mai Gilashi sai Auta in ta samu sarari.

A zaman jiran nan ne idon tsoho ya faɗa kan ƙofar ɗakin shari'ar. Tana gogar ƙasa, sai masinja ya sa kafaɗa take rufuwa. Ya tashi ya shafa ta, ya duba yadda aka haɗa kusurwarta, ya ce, "Ashe ke ce." Tasa ce, ya yi ta shekara ashirin da suka wuce. Zama na gaba ya zo da jakar kayan aiki. Kafin alƙali ya shigo ya sauke ƙofar, ya kankare gindinta, ya ɗaure hinjin, ya mayar. Masinja ya ce wa zai biya, ya ce, "Wa ya ce maka ciniki ne?" Lauya ta dafe kai ta ce, "Baba, don Allah kada a ce mun ba kotu toshiya." Ya ce, "Ba kotu na yi wa ba, ƙofa na yi wa."

Sau biyu a cikin watannin nan Lauya ta sake tuntuɓarsa, ta ce har yanzu ana iya janyewa a koma can. Ya ce wanda ya fara yanka katako ba ya sauya awo a tsakiya. Amma Auta ta ga yana ramewa. Da safe yakan sha shayinsa, ya zauna yana kallon rikodar, bakinsa yana motsi. Wata rana ya tambaye ta, "Da ta ce rufin kicin yana yoyo, kafin maganar fitila ne ko bayanta?" Ta ce kafin. Ya ce, "Haka ne, haka ne," kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

A wata na goma sha ɗaya alƙali ya yanke. Ya ce wanda ya ɗauko tebur ya kafa a garin mutane, ya karɓi kayansu hannu da hannu, ba zai ɓuya a bayan ƙananan rubutu ya ce sai tsoho ya yi tafiyar yini da rabi kafin a saurare shi ba. Kotun nan tana da hurumi. Kamfanin ya turo wakili, ya kawo duk kaset ɗin da ke hannunsa.

Mai Gilashi ya manta inda yake ya buga tafi, masinja ya daka masa tsawa. Tsaya-in-Auna ya dubi Lauya, ya ɗaga gira, wato kin gani? Ta yi murmushi ta ce, "Na gani, Baba." Ranar har shayi tsoho ya saya wa layin.

Bayan sati uku wakilin kamfanin ya zo, wani mai matsakaicin shekaru da gajiyar hanya a fuskarsa, rungume da kwali ɗaya. Ya ajiye a gaban alƙali. Ya ce hayar ɗakin ajiyar ta ƙare wata biyar da suka wuce, sun tashi daga wurin. Kayan da ruwa ya taɓa, waɗanda ba su da lamba, mota ta kwashe ta kai juji. Wannan kwalin ne kaɗai ya tsira, don an manta shi a ƙarƙashin wani tebur. Kaset arba'in da ɗaya. Da ya gama ya juyo ya dubi tsoho ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Tsaya-in-Auna ya daɗe yana mafarkin ranar da za su tsaya a gabansa, ya tanadi maganganu masu nauyi. Sai ga shi mutumin da ya zo ba mai lema ba ne, ba mai waya ba ne, wani bawan Allah ne da takalminsa ya yi ƙura. Ya ce masa, "Ka sha hanya. An ba ka ruwa?"

A barandar kotu ya tsayar da Lauya. "'Yata, wata biyar da suka wuce ya ce?"

"E, Baba."

"Da can muka je, a wata na nawa zan shiga ɗakin?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Kin ci faɗan Alƙaliya, kin san ba ta son kwana-kwana. Faɗa min."

"Na biyu, Baba. In ya yi tsawo na uku."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kwalin da kansa, ya hana kowa taya shi.

Kwana tara ya yi yana sauraro, a shago, da rana, zarto a rataye. Mai walda da kansa ya kashe injinsa ba wanda ya roƙe shi. Kowane kaset sai ya ji shi ciki da bai, ko da tun kalmar farko ya san ba ita ba ce, don ya ce ba a katse mutum yana magana. Akwai wani yaro yana karanta haddarsa yana tuntuɓe. Akwai wani mutum yana gaida mahaifiyarsa daga ƙasar da ya je neman aiki, yana rantse mata cewa yana cin abinci. Akwai wata tsohuwa tana lissafa sunayen kakanninta don kada jikoki su manta. Wasu ruwa ya cinye su, sai shuuu kamar iska a rariya. A na talatin da biyu wata mata ta fara faɗa da sauri, ya miƙe tsaye. Ba ita ba ce. Wata ce take yi wa nata mijin. Ya zauna ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah, duk halinmu ɗaya."

Na arba'in da ɗaya waƙar biki ce.

Ya kashe rikodar. Mai Gilashi, wanda ya kwana tara yana leƙowa ta taga yana yi kamar aron ƙusa ya zo, ya shigo ya zauna a kan benci. Karo na farko a tarihin layin bai zo da magana ba.

Tsoho ne ya yi ta. "Na ce kafinta ke zuwa wurin ƙofa, ko ba haka na ce ba?"

"Haka ka ce. Har alƙali ya sa hannu."

"To ni ne ban gane ba. Ina ta kallon su wa suka ɓata aiki. Ban duba tawa ce ke can a jiƙe ba. Shekara arba'in ina zuwa wa ƙofofin mutane. Tawa ta kira ni sau ɗaya, na ce ita ta zo."

Mai Gilashi ya ce, "Kai dai ba ka son mota ne, kada ka ɗora wa ƙa'ida." Ya faɗa don a yi dariya, sannan ya shiga goge tabarau.

Shari'ar ta ƙare daga baya, an ba shi gaskiya, an rubuta a takarda mai hatimi. Takardar tana cikin gwangwanin da babu ƙusa. Kaset arba'in da ɗayan nan kuwa ya yi musu akwati na katako mai kyau, kowanne da gurbinsa, ya rubuta a jikin kowanne abin da ya ji: yaro mai hadda, mai gaida uwa, mai faɗa. Ya sa Lauya ta rubuta wa kamfanin cewa duk wanda ya zo neman nasa a ba shi adireshin shagon. Mutum biyu sun zo. Ɗaya ya samu.

Wata safiya Auta ta leƙo kafin ta wuce asibiti, Mai Gilashi yana biye da ita, ya zo su tafi shago tare, don yanzu ba ya barin tsoho ya taka shi kaɗai. Suka tarar da shi tsaye a bakin ɗaki, shayinsa ya huce a kan kujera. Ya kama ƙofar ya buɗe a hankali, ta ja dogon kukanta. Ya tsaya, kansa a karkace, yana jiran abin da ke biyo baya.

Auta ta ajiye jakarta. Ta ce, "Ka ji ta? Ƙofarka ce ke gaishe ka."

Bai juyo ba. "Kin yi sanyi. Ita da sauri take faɗa, kamar ana korar ta."

Ta sake, da sauri. "Ka ji ta? Ƙofarka ce ke gaishe ka. Ta ce in tambaye ka, goben taka ta wace shekara ce?"

"Yauwa. Daga nan sai ke ki fasa ihu."

"Baba, ina da shekara talatin da biyar."

"To bar shi, na riƙe wannan da kaina."

Shekara ta zagayo, kuma Mai Gilashi ya zo da 'yar kwalbarsa kamar kullum, har ya zaro ta rabi daga aljihu. Ya dubi ƙofar, ya dubi abokinsa, ya mayar da ita ya danna har ƙasa.

Tsoho ya rufe ƙofar a hankali, ta yi ajiyar zuciyarta. Ya ɗauki hula.